An Sallamo Shi Daga Asibiti, Wa Zai Zauna Da Shi?

'Yan'uwa mutanen Kura da Bunkure, mutanen Kadawa da Garun Malam, ku ba ni kunnuwanku!

Allah ya hore mana ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, kanal ke gudu rani da damina, ga shinkafa, ga tumatir, ga albasa, aiki ba ya yankewa. Amma kowa ya san abin da wasu samarinmu ke haɗiya da sassafe kafin su shiga laka. Tiramol ne, wai don kada su ji gajiyar dashe. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama biyar, kuɗin ƙwadago ya ƙare a aljihun dillali. Wani har faɗuwa yake a bakin gona yana jijjiga.

Ba mu kaɗai ba ne. Binciken ƙasa na 2018 ya gano 'yan Nijeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. An hana kwalba, amma jarabar tana nan.

Wanda ya kamu, ku kai shi asibiti! Kada ku ɗaure shi, kada ku kai shi gidan mari. Duk mun ga halin da aka samu mutane a irin gidajen nan a Kaduna da Daura a 2019. Ga asibitin Dawanau, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda jikinsa ya saba da ƙwaya, yanke ta rana ɗaya yana jigata shi ƙwarai, sai da kulawar likita.

To, an sallamo shi. Sai me? Likita yana Kano, zai gan shi ranar da aka ba shi. Majalisar da ta koya masa kuwa tana ƙofar gida, kullum bayan isha'i. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A nan ne muke rasa su, 'yan'uwa, a nan ne!

Yana buƙatar wata majalisar, ta waɗanda suka sha suka bari. Su suka san daren da barci ke ƙauracewa, gaɓoɓi na ciwo, zuciya na cewa guda ɗaya kawai. Ba zai iya yi musu ƙarya ba, ba kuma zai ji kunyarsu ba. A 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya giya biyu ne suka fara irin wannan zama, yau ya bazu a duniya. Mu da muka gaji gayya, wa zai koya mana haɗa hannu?

Ɗan'uwa mai son bari, tambayi likitanka ko masu ba da shawara a ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA inda irinka ke haɗuwa. In babu kusa, ku fara. Mutum uku sun isa. Ku tsai da rana ɗaya a mako. Abin da aka faɗa a zaure ya tsaya a zaure. Ba gori, ba tsawa. Kada wani ya ce wa wani ya ajiye maganin asibiti. Wanda ya sake zamewa, ku bi shi gida ku taho da shi.

Malam liman, ba su wurin zama. Mai unguwa, ranka ya daɗe, tsaya musu, kada a maishe su abin nuni. Alhaji mai gona, ɗauke shi aiki, kada kuma ka ɗora masa aikin mutum biyu. Iyaye mata, ku buɗe wa 'yan'uwanku mata nasu zaman a cikin gida, don su sun fi kowa ɓoye ciwon.

Ka san mutum ɗaya mai fama da ƙwaya, na tabbata ka sani. Je ka same shi yau. Ka nemo masa na biyu kafin Juma'a. Ka biya masa kuɗin motar Kano ranar ganin likita, ka raka shi har tasha!