Idan Ɓera da Sata, Daddawa ma da Wari

'Yan uwa mazauna zango, duk wanda ya taɓa bin mota daga Ankara zuwa Ikko ya san iyakoki uku ake ƙetarewa: Aflao, Hillacondji da Seme. Ya kuma san al'adar hanyar: kafin a isa shinge, yaron mota ya bi fasinjoji yana tara kuɗi, kowa ya miƙa ba tambaya. Mun saba da wannan har mun ɗauke shi doka, alhali fashi ne.

A ranar 29 ga Mayu, 1979, shugabannin ECOWAS suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Abu biyu ta nema: ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi, wanda a yau na cutar shawara ake dubawa. Tsarin cinikin ƙungiyar kuma ya ɗauke kuɗin fito daga amfanin gona da dabbobin da aka samar a yankin. To, kuɗin me tsohuwa mai huhun goro take biya, kuma ina rasit?

Laifin jami'in da ke karɓa a fili yake, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da yawa daga cikinmu ba su da fasfo, ba su yi rigakafi ba, 'ya'yansu ma ba su da takardar haihuwa. Mukan ce kakanninmu sun yi fataucin goro daga Salaga zuwa Kano ba su riƙe takarda ba. Haka ne, sai dai a Nuwambar 1969 gwamnatin Busia ta bai wa baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, aka kwashi mutanen zango har da waɗanda aka binne cibiyarsu a nan. Ashe wannan bai ishe mu darasi ba?

Marar takarda roƙo yake yi a bakin iyaka, mai takarda kuwa haƙƙinsa yake nema. Sarakunan zango da limamai su matsa wa jama'a: a yi wa jariri rajista kafin a yanka ragon suna, babba ya mallaki katin ɗan ƙasa da na rigakafi. Ranar da aka nemi kuɗi a shinge, ka miƙa takardunka cikin ladabi, ka tambayi sunan harajin, ka nemi rasit.