Tsakanin Rijiyarmu Da Shaddar Maƙwabci

 'Yan uwana Hausawa mazauna Minna da kewaye, ina roƙon iyayena da yayyena su gafarce ni, domin maganar da na ɗauko yau ba irin wadda ake yi a bakin tabarmar cin abinci ba ce. Maganar shadda ce da rijiya. Ni ba injiniya ba ne, ba kuma likita ba, iyakar karatuna sakandare, aikina zama a rumfar hatsin Babanmu a Kasuwar Kure. To amma abin da ya faru a gidanmu ya sa na ga in na yi shiru ban kyauta ba.

Kakanmu daga ƙasar Katsina ya zo garin nan zamanin da jirgin ƙasa ke tashe, ya sauka a Limawa, a nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni. Da gida ya yi mana kaɗan, a 2018 Baba ya sayi fuloti a wani ƙauyen Gwarawa da ke kan hanyar Bida, muka gina muka tare. Na san da yawanmu haka suka yi, wasu wajen Maikunkele, wasu hanyar Paiko, wasu Gidan Mangoro. Kowa ya san garin Minna da madatsar Tagwai da aka gina a 1978, da ta Bosso tun ta zamanin Turawa, da gidan ruwa na Chanchaga yake taƙama. Sai dai tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1976 yake ta faɗaɗa, gini na gudu bututu na rarrafe. Duk wanda ya fita bayan gari ya gina gida, shi zai nema wa kansa ruwa, shi kuma zai san inda zai kai ƙazantarsa.

Mu ma haka muka yi. Aka kira mai haƙa, ya haƙa mana rijiya a jikin katangar gabas don ta yi kusa da madafi, ya samu ruwa a gaba shida. Ruwa garai-garai, ga sanyi. Har maƙwabta suka riƙa turo yara da bokiti, Baba yana murna yana cewa sadaka ce.

A watan Agustan 2021 ƙanwata 'yar shekara shida ta tashi cikin dare da amai da gudawa. Kafin asuba idonta ya faɗa, ko kuka ba ta iya yi. A kan babur na riƙe ta har asibiti, sai da aka yi mata ƙarin ruwa leda huɗu kafin ta buɗe ido sosai. A makon nan yara huɗu ne suka kwanta a gidaje uku, duka rijiyarmu suke sha. Uku sun tashi. Ɗan maƙwabcinmu na gabas, yaro ɗan shekara biyu, bai tashi ba, Allah Ya sa mai ceto ne. Daga baya na ji a rediyo cewa a shekarar nan mutum sama da 100,000 aka yi zaton kwalara ta kama a Nijeriya, sama da 3,600 suka rasu.

Wani malamin asibiti, dattijo, shi ne ya tambayi Baba: "Alhaji, taku nawa ne tsakanin rijiyarka da shadda?" Baba ya ce ai tamu shaddar can ƙarshen gida take, nesa da rijiya. Ya ce, "Ta maƙwabcinka fa?" Baba ya yi shiru. Washegari na zagaya na auna da ƙafata. Taku biyar. Shaddar maƙwabcinmu na gabas tana jingine da katangar da rijiyarmu ke jingine da ita, bulo ɗaya ne tsakani. Raina ya ɓaci, har na fara shirya maganar da zan faɗa masa in an share makoki. Sai wani abu ya ce mini in auna tamu. Tsakanin shaddarmu da rijiyar maƙwabcinmu na yamma taku bakwai ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Jama'a, ga lissafin da ya hana ni barci. Ma'aikatan lafiya suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin shadda da rijiya, wato kusan ƙafa 100. Fulotin da yawancinmu ke saya kuwa ƙafa 50 ne da ƙafa 100. Ke nan ko da ka sa rijiya a bakin ƙofa, shadda a ƙurya, da ƙyar ka cika ƙa'ida a cikin gidanka, balle ga maƙwabci a dama da hagu da baya, kowa da raminsa. Katanga a sama take raba mu, a ƙarƙashin ƙasa babu katanga. Sannan ƙasar Minna dutse ne a ƙasa, ƙasa mai laushi kaɗan ce a samansa, shi ya sa rijiyoyinmu ba zurfi, suna ƙafewa a Maris, a Agusta kuma ruwa ya taso har sai ka naɗe rabin igiyar guga. An ce gindin ramin shadda ya kamata ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. A unguwarmu da damina ruwan har cikin ramin yake shiga. Ruwan da ya shiga can ina kuke jin yake komawa?

Kada wani ya ce abin na ƙauye ne ko na talaka. A ajin kimiyyar lafiya an ba mu labarin birnin Landan a 1854, inda kwalara ta kashe mutum sama da 600 a unguwa guda. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamatan ya gano famfo ɗaya suke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, sai ga ramin ƙazanta bai kai mita ɗaya da rijiyar ba. A lokacin na haddace ne don jarrabawa kawai, ban san a tsakar gidanmu za a sake yi mini tambayar ba.

Babban abin da ke yaudararmu shi ne ido. In ruwa ya yi fari, ba wari, ba ɗanɗano, shi ke nan mun yarda da shi. Gaskiya ne tun a makarantar allo an koya mana duba launi da ɗanɗano da ƙanshi kafin a yi alwala, amma wannan hukuncin tsarki ne, ba shi ne awon lafiyar sha ba. Ƙwayar cuta ba ta canza launin ruwa. Alam ɗin da iyayenmu mata ke jefawa a randa shi ma kwantar da laka yake yi, ba ya kashe cuta. Abin da ke kashe ta shi ne a tafasa ruwan, ko a ɗiga masa maganin kilorin irin su WaterGuard gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira rabin awa.

Da abin ya faru, maganin da Baba ya kawo shi ne wanda kowane Alhaji ke kawowa: a haƙa burtsatse. Ba na ƙin burtsatse, ruwan da ya fito daga zurfi ya fi aminci. Amma a ƙasa mai dutse irin tamu sa'a ce, ba kamar yankin Bida ba da ƙasarsu ke riƙe ruwa. In ba a kira masu awo sun duba inda tsagar dutse take ba, kana iya zuba miliyoyi a tayar maka da ƙura kawai. In ma an samu ruwan, sai an zura bututu mai kyau an kuma toshe gefensa da siminti daga sama, in ba haka ba ruwan saman nan mai ƙazanta zai bi jikin bututun ya gangara. Nawa ne a cikinmu ke tsayawa a kan masu haƙa su ga an yi hakan? Muna rumfa muna ciniki, sai dai a kira mu a ce ruwa ya fito, mu yi hamdala.

Sai kuma masu hali da ke sa masai na zamani mai jan ruwa. Yawanci rami ɗaya ake haƙawa, a bar gindinsa a buɗe, a rufe sama a kira shi sokawe, har ana alfahari wai shekara goma bai cika ba. Ina yake zuwa da bai cika ba? Yadda ya kamata a yi shi ne tanki mai ɗaki biyu, shafe da siminti ciki da ƙasa, dauɗa ta kwanta a nan, ruwan da ya tace ne kaɗai zai wuce rami na biyu. Ni a nawa ɗan tunanin, gidan da ba famfo bai ma kamata ya fara da irin wannan masai ba. Shadda marar zurfi mai dakali da murfi, da dogon bututu mai raga a kai don fitar da wari da kama ƙuda, irin wadda aka ƙirƙiro a Zimbabwe a shekarun 1970, ta fi mana. In aka yi rami biyu gajeru, ɗaya ya cika a rufe shi shekara biyu ana amfani da ɗayan, abin da ke ciki ya zama ƙasa. Kuɗinta bai kai na ƙofar ƙarfen da muke gasar sawa ba.

Akwai kuma ruwan da muke bari yana bin kwata. Minna na samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, fiye da Katsinar da kakanninmu suka baro. Rufin kwano mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi yana karɓar kusan lita 120,000, wato jarka 4,800 ta 'yan garuwa. Ko kashi ɗaya cikin goma muka tara ta indararo zuwa tanki mai murfi, bayan an bar ruwan farko ya wanke kwano, ya ishe mu sha a watannin da rijiya ta fi haɗari.

Amma duk waɗannan dabaru ne na gida ɗaya, alhali matsalar ta layi ce. A nan ne nake ganin laifinmu mu Hausawan nan. Mun yi kaka da jika a garin nan amma har yau gini muke irin na wanda zai tashi gobe, kowa ya ja katangarsa ya haƙa abin da ya ga dama. Muna iya haɗa kuɗin 'yan sintiri duk wata, muna iya haɗa na taransifoma, amma ba mu taɓa zama mun ce shaddojin layin nan duka su koma ɓangare ɗaya, rijiyar sha kuma a yi guda ɗaya a fili, a sa mata kwalbati da murfi da dakali da guga ɗaya tak ba. Famfon tuƙa-tuƙa na Gwarawan da muka tarar yana can a fili nesa da gidaje, da muka zo har dariya muke wai matansu na shan tafiya. A makon da yaranmu suka kwanta, wurinsu muka koma ɗiban ruwa. Baba yana ba mu labarin duba-gari da ke shiga gida-gida har randa yana leƙawa. Yanzu babu mai leƙa mana. Gwamnatin tarayya ta ɗibi shekarar 2025 don kawo ƙarshen bahaya a fili, ba a cimma ba, kodayake Jigawa ta yi nata tun 2022. Ni tsorona shi ne kowa ya ji kiran ya haƙa shadda, amma a jikin rijiyar ɗan uwansa.

A layinmu gida tara ne. Bayan shekaru ana jan magana, watan jiya mai unguwa ya tara mu a zaurensa, gida biyar sun yarda a haɗa kuɗi a haƙa rijiya ɗaya a filin da ke gaban makarantar allo, na auna taku 40 ne daga shaddar da ta fi kusa. Tamu rijiyar wanki kawai ake yi da ita yanzu. Maƙwabcinmu na gabas tuni ya cike raminsa da kansa, ba wanda ya ce masa komai. Tamu shaddar kuwa tana nan inda take, taku bakwai daga rijiyar mutumin yamma, Baba ya ce a bari sai an sayar da masarar bana. Na riga na sayi bulo 60 da kuɗina na jibge a ƙofar ɗakinsa, inda zai riƙa gani duk safiya in zai fita kasuwa.