A DAINA ƊAURE BORIS DA GUDUMA DA CIZAL: WANNAN BA GYARA BA NE



Yau ba maganar waya zan yi ba. Na san wani zai ce, kai mai gyaran waya, me ya haɗa ka da boris ɗin mota? Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke hukunci.

Yayana yana da tsohuwar Land Cruiser mai jan ƙafa huɗu, da ita yake kai kaya kasuwannin ƙauye. Kwanaki tayar gaba ta fara rawa, sitiyari na kaɗawa. Na raka shi wani gareji. Bakaniken ya buɗe hob, ya ɗora cizal a kan noti, ya yi ta dukansa da guduma har ya ƙi motsi, ya ce "an gama, Alhaji, yanzu ko girgizar ƙasa ba za ta kwance shi ba." Muka biya muka tafi. Ba mu yi tafiyar awa ɗaya ba muka fara jin ƙauri. Da muka tsaya, hob ɗin ba ya taɓuwa don zafi, giris ya narke yana tsiyaya. Da ba mu tsaya ba, wallahi ban san inda za mu kwana ba, gida ko asibiti.

Tun ranar na sauke littafin gyaran motar a wayata na zauna na karanta. Abin da na gani shi ya sa nake wannan rubutun: ɗaure boris tamau ba gyara ba ne, ɓarna ce.

A motoci irin su Land Cruiser 70 da 80 da tsofaffin Hilux, kowace tayar gaba tana kan boris biyu masu siffar mazurari, ɗaya ciki ɗaya waje. Noti biyu ne ke riƙe su, da washa mai kunnuwa a tsakaninsu. Notin ciki shi ne na saiti, na waje shi ne makulli. Idan saitin ya yi sako-sako, taya za ta yi rawa, ta cinye ta gefe, faifan birki ya riƙa ture takalmin birki baya, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse kafin ya kama. Idan kuma ya matse da yawa, boris zai yi zafi, giris ya ƙone, ƙarfe ya ci ƙarfe, har ya iya cijewa kana cikin gudu. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan gurbi siriri, shi ake nema. Guduma ba ta san gurbin nan ba.

Mu ma a sana'armu haka ne. Duk mai gyaran iPhone ya san cewa idan ka sa dogon noti a ramin gajere ka matse, zai huda hanyoyin da ke cikin allon wayar, ka kashe wayar mutum da hannunka. Bambancin kawai, idan na yi kuskure waya ce ta mutu. Shi kuwa mai boris, mutane ne a cikin motar.

Ga yadda littafin Land Cruiser 80 ya ce a yi. Ana amfani da soket mai lamba 54 da sifana mai awo, wadda ke nuna ƙarfin ɗauri. A ɗaure notin saiti zuwa 59 Nm, a jujjuya hob gaba da baya don boris ya zauna daidai. Sai a sassauta shi har ya juyu da hannu, sannan a sake ɗaurewa zuwa 5.4 Nm kacal. Ka duba lambar nan da kyau, 5.4, ƙarfin da ko yaro zai iya. Daga nan a sa washa, a ɗaure notin makulli zuwa 64 Nm. Sai a maƙala sikelin hannu mai ƙugiya a jikin ɗaya daga cikin kusoshin taya a ja. Ya kamata hob ya fara juyawa tsakanin kilo 2.9 da 5.7. Idan ya yi daidai, a lanƙwasa kunnen washa ɗaya ciki ɗaya waje, don kada notin ya kwance. Waɗannan lambobin na 80 ne, kowace mota da nata, ka nemi na taka.

Yanzu ka gaya mini, ta ina cizal zai auna 5.4?

Na san amsar da za a ba ni. "Shekara ashirin muna yi haka ba abin da ya faru." To wanda motarsa ta cije a daji ba gareji yake dawowa ba, wani wurin yake kaiwa, shi ya sa ba ka ji labari ba. Wani zai ce sifana mai awo tana da tsada. Gaskiya ne, amma ka haɗa kuɗin sabon boris, da sandar da yake zama a kai idan ta ƙone, da kuɗin janwe daga daji, ka ga wanne ya fi. Sikelin kuwa irin wanda ake auna kaya da shi ne a kasuwa. Ban ce bakanikenmu ba su iya aiki ba, akwai waɗanda hannunsu ya san saitin nan fiye da ni sau dubu. Amma gwani na gaskiya ba za ka taɓa ganin sa yana dukan notin boris har ya ƙi motsi ba.

Mu masu mota ma da laifinmu. Mu ne ke cewa "Oga ɗan ɗaure min kawai, sauri nake." Boris ɗin da ya fara gurnani, ko ya yi tsatsa, ko ya canja launi ya yi shuɗi saboda zafi, ya riga ya mutu. Ɗauri ba ya tayar da shi, canji ne maganinsa. Kuma ba kowace mota ake wa wannan saitin ba. Hilux daga ƙirar 2005 zuwa sama boris ɗinta na gaba ba na saiti ba ne, idan ya yi rawa sai dai sabo. Kada ka kalli bidiyon wata mota a YouTube ka je ka gwada a taka.

Kafin ka je gareji, ga gwajin da za ka iya yi da kanka. Ka ɗaga motar da jak, ka tokare ta da abu mai ƙarfi, kada ka dogara da jak kaɗai. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, ka sa wani ya taka birki ka sake girgizawa. Idan rawar ta ɓace, boris ne. Idan tana nan, matsalar tana wani wurin, kada a taɓa maka boris. Bayan gyara kuma, ka ɗan yi tafiya ka tsaya ka kai hannu kusa da hob. Ɗumi ba laifi, amma zafin da ba ya taɓuwa, koma gareji nan take.

Kana riƙe da wayar da kake kallon wasan barkwanci da ita har ƙarfe biyun dare. Ita ɗin dai za ta iya ɗauke maka littafin motarka gaba ɗaya. Ka sauke shi, ka nuna wa bakanikenka lambar cikin girmamawa. Idan ya ɗauko cizal ya ce shi ba ya aiki da littafi, ka ce ya mayar maka da tayarka, ka yi gaba.

Ku tura wa duk direba ko bakaniken da kuka sani. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, amin.