Motar da makanisiyen unguwarku bai sani ba, ba arha ba ce



Tun ranar da munka taɓo zancen motocin hannu a shirinmu na rediyo, waya ba ta huta ba. Malamin lakwal, ma'aikaciyar asibiti, mai ɗan shago a bakin kasuwa, tambayarsu ɗaya ce: "Ina da miliyan biyu ko biyu da rabi, wace ƙaramar mota zan saya?" Galibi kuɗin adashe ne na shekara biyu ko uku. Wani ya saida babur da tumaki ya haɗa, wani bashin banki ne da za a riƙa cirewa a albashi kowane ƙarshen wata. Irin kuɗin da in sun tafi ba su dawowa ke nan. Shi ya sa munka ga gara mu rubuta, don maganar rediyo iska ke ɗauke ta.

Ra'ayinmu ba mai tsawo ba ne. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi motar da makanisiyen unguwarsu ya sani ciki da bai, wadda ake samun kayanta a garin da yake kwana, ko da ta tsufa, ko da ba ta da kyan gani.

Mun ga abin da idonmu. Wani abokin aikinmu ya je sayen tsohuwar Corolla, dillali ya ja shi gefe ya nuna mishi wata motar Turai mai gazuwal, bwat otomatik, kujerun fata, ga ekran a gaba, kuma ta fi Corollar arha da wajen jika ɗari uku. Wa zai ƙi? Mu ma mun sha yawo a cikinta, mun sa albarka. Wata uku ba su cika ba wata fitila ta kama a tablo, mota ta daina ja. Makanisiyen ya buɗe kapo, ya duba, ya ce shi wannan sai an sa mata na'ura. Aka samu mai na'ura, ya faɗi abin da ya lalace. Babu shi a Maraɗi, aka aika Katsina babu, aka aika Kano aka kawo wani wanda bai shiga ba. Yau motar tana ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidansa, awaki na shan inuwarta. Shi kuma yana zuwa aiki a kabu-kabu, banki na ci gaba da cire nata.

Dillali ba wawa ba ne. In ya sauke ma farashin mota mai sheƙi ƙasa da na tsohuwar Toyota, ya san ranar da za ka tashi saidawa ba mai tayawa.

Ku dubi taksin Yamai. Tsohuwar Starlet ɗin nan, kamfanin Toyota ya daina ƙera ta tun 1999, Yaris ta gaje ta, amma har gobe ita ke jigilar mutane daga safe zuwa dare. Ƴan taksi ba don ƙauna suke riƙe da ita ba. Mutum ne da abincin gidansa ke cikin motar, ya yi lissafi ya ga ba ta shan mai, in ta tsaya da safe kafin azahar ta tashi, kuma yaron garaji ma ya san inda ciwonta yake. Wanda zai sayi motar kai yara lakwal da zuwa gaida iyaye a ƙauye, lissafin nan ya shafe shi.

Mun san abin da za a ce: ai su Corolla da Yaris sun yi tsada, suna kawai ake saye. Gaskiya ne sun yi tsada, kuma komai ya ƙara tsada. A da, yawancin motocin hannu ta tashar ruwan Kotonu suke shigowa, su hau ta Malanville su ƙetaro gada zuwa Gaya. Tun da aka rufe wannan iyaka bayan 26 ga Yulin 2023, kaya sun koma bin Lome, su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta yi tsawo, jira ya yi yawa, kuma mai saye ne ke biya. Amma wannan dalilin ne ma ya sa muke cewa a guji motar da sai an yi odar kayanta daga waje. In mota sukutum tana shan wuya kafin ta iso, ina ga ɗan ƙaramin piyes ɗinka?

Sai maganar takardu, inda mutanen kirki suka fi faɗawa rami, musamman mu na bakin iyaka. Za a kawo ma mota mai lambar Najeriya da farashi mai daɗi, a ce "duwan ɗin ba wani abu ba ne, daga baya ka yi." Daga bayan nan shi ne matsalar. Kafin ka ba da ko dala, ka ga takardar duwan, ka ga kart giriz, ka durƙusa da kanka ka karanta lambar shasi a jikin mota ka gwada da ta takarda, harafi da harafi. In sunan da ke kart giriz ba na mai saida ma ba ne, ka tambayi dalili, kuma a rubuta takardar ciniki da shaidu. Bayan nan akwai canjin suna, asiransi, binyet da bizit teknik. Ba wanda dillali zai tuna ma da shi, jandarman kan hanya ne zai tuna ma.

Ranar duba mota, ka tafi da makanisiyenka, ba wanda mai mota ya kawo ba, ka biya shi ladan ƙafarsa. Ku je da sassafe, a tada injin yana sanyi a gabanku. In kun tarar an riga an ɗumama shi, ku yi tambaya. Ku kalli hayaƙi: shuɗi na nufin injin na cin baƙin mai. Ku buɗe murfin mai, in kun ga wani abu fari-fari kamar madara, ruwa na haɗuwa da mai, ku yi sallama ku tafi. Lambar kilomita da ke kontar kuwa kada ta ruɗe ku, ana maida ta baya. Sitiyari da feda da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya. Kuma ku bar ta tana aiki a tsaye da kilim a kunne, ku zuba wa allurar zafi ido. Motar da ta yi rayuwarta a sanyin Beljik ba ta san watan Afrilun Tawa ba.

Mai ma lissafi ne. A Yulin 2024 an sauke litar esansi daga 540 zuwa 499. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne. Motar da ke shan lita 7 a kilomita ɗari za ta ci ma kusan jika 23, mai shan lita 12 kuwa kusan jika 40, zuwa kawai. Kuma kwanakin da ake dogaro da ƴan ruwa-ruwa don samun arha sun wuce tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023.

Ga abin da masu kiranmu ba su son ji. In miliyan biyu da rabi gare ka, ba motar miliyan biyu da rabi za ka nema ba. Ka ware aƙalla jika ɗari huɗu ko biyar ka manta da su. Motar hannu ba ta zuwa gida ba ta nemi wani abu ba: bidanj, batir, tayoyi, birki, wani lokaci amortisa, tunda ramukan damina da yashin unguwanninmu ba su san sabo ba. Wanda ya juye aljihunsa kaf ranar ciniki, shi ne za ka gani bayan sati biyu yana tafiya da taya mai faci uku, da iyali a baya, a kan hanyar Zinder.

Akwai kuma wadda ta kira mu, munka yi lissafi tare a waya: albashi, haya, kuɗin lakwal na yara uku, abin da adaidaita ke ci mata a wata. Da munka gama ta yi shiru, sannan ta ce za ta ƙara zagaye ɗaya na adashe tukuna, baɗi ta sake kira.