Tsibiran Tafkin Chadi: Ƙasar Da Muke Gani A Taswira Kawai

Jama'a, duk sanda aka ce "tsibiri" sai hankalinmu ya tafi can tsakiyar teku, ƙasashen Turawa ko na Asiya. Alhali ga tsibirai ɗaruruwa nan a bayan gidanmu, cikin Tafkin Chadi, waɗanda mutanen yankin ke kira tumbu. Yau a kansu nake son mu ɗan yi magana, domin a ganina matsalar tsaron Arewa maso Gabas ba za ta ƙare ba matuƙar gwamnatoci na zuwa waɗannan wurare ne a matsayin baƙi, su yi harbi su koma.

Mu fara da yanayin wurin. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya sa ya ƙanƙance ƙwarai, har ya rabu biyu, ɓangaren arewa da na kudu. Mafi yawan ruwansa daga kogin Shari da Logon yake zuwa, kuma ba shi da zurfi. Shi ya sa ƙasar wurin ba ta tsayawa wuri ɗaya. Inda aka shuka masara da wake bana, baɗi sai da kwalekwale. Ga ciyayi sun toshe hanyoyin ruwa. Motar yaƙi ta nutse a taɓo, babban jirgin ruwa ya maƙale, jirgin sama kuma daga can bisa ba ya iya bambance masunci da ɗan bindiga. Wanda ya san wurin shi ne mai ƙarfi.

Kuma fa wurin ba daji ba ne. Akwai Buduma da suka daɗe a tsibiran, akwai Barebari, Shuwa, Fulani, ga Hausawa masunta da 'yan kasuwa da suka bi ruwa tun daga Sakkwato, Kabi da Haɗeja. Bandar da ake lodawa daga Baga zuwa Maiduguri, ta wuce har Kudu, daga nan take fitowa. Wato akwai mutane, akwai dukiya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hukuma.

Tarihi ya ba mu darasi biyu a kan wannan.

Na farko shi ne Darak. Da ruwa ya ja baya, 'yan Najeriya suka bi shi suka kafa ƙauyuka, hukumomin Najeriya suka biyo su. Da magana ta je Kotun Duniya, Najeriya ta kafa hujja da cewa ita ke gudanar da mulki a wurin. Amma ranar 10 ga Oktoba 2002, a hukuncin nan da muka fi sani da na Bakasi, kotu ta ce yarjejeniyar iyaka ta zamanin Ingila da Faransa ita ce abin bi. Ƙarshen 2003 aka miƙa wa Kamaru Darak da ƙauyuka kimanin 30. Darasin a nan: zama a wuri ba ya goge takarda.

Na biyu kuwa shi ne abin da muke ciki yanzu. Takardar tana hannunmu, ba wanda ke jayayya cewa tsibiran da ke gefen Kukawa da Abadam na Najeriya ne. To amma wa ke karɓar haraji a yawancinsu? Wa ke yanke hukunci in masunta biyu sun yi rigima a kan koma? Masu bincike sun sha rubuta cewa 'yan ISWAP ne ke ba da izinin su, su karɓi kuɗi a kan kifi da dabbobi, su raba gardama. Ba don mutane na ƙaunarsu ba ne, a'a, don su ne ke kwana a wurin. Takarda ita kaɗai ba ta riƙe mutane.

Kar wani ya ce sojoji ba sa ƙoƙari. Wallahi an zubar da jini a ruwan nan. Baga a Janairun 2015. Tsibirin Karamga na Nijar a Afrilun wannan shekarar, inda aka kashe sojoji sama da 40. Bohoma ta Chadi a Maris 2020, kusan soja 100 a dare ɗaya. Barkaram a Oktoba 2024, wajen 40. Allah Ya jiƙan su. Amma ku lura da yadda abin ke tafiya: a kai hari, a fito da babban farmaki, a kori 'yan bindiga, bayan 'yan watanni a janye, su dawo. Ƙaramin sansani a tsibirin da babu mashigar jirgi mai kyau, babu sadarwa, babu mutanen gari da suka yarda da kai har su tsegunta maka labari, ai tarko ne.

Wata dabarar da aka gwada ita ce kwashe mutane da hana sana'a. Nijar ta kwashe dubban mazauna tsibiranta a 2015, an kuma hana cinikin kifi na tsawon lokaci a ɓangarori daban-daban. Na fahimci dalilin, ana so a toshe wa 'yan bindiga hanyar kuɗi. Sai dai magidancin da ka raba da kwalekwalensa ka ajiye shi a sansani, yunwa za ta mayar da shi ruwa, kuma in ya koma ba kai zai biya ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda ake rabon aiki a kasafi. Wurin da mota ba ta zuwa, mai duba aiki ba ya zuwa, kyamara ba ta zuwa, shi ne na ƙarshe a layi. Mun fi son babban abu. A taron Abuja na 2018 an yi ta maganar janyo ruwa daga yankin kogin Kwango, aikin biliyoyin daloli. Ba laifi, amma kafin nan fa? Share hanyoyin ruwa, gina ƙananan mashigai, gyara titin Maiduguri zuwa Baga ta Munguno, asibitin tafi-da-gidanka a jirgi, turken waya mai aiki da hasken rana, malami da alƙali da ɗan sanda da za su kwana a wurin, a kuma biya su alawus ɗin da ya dace da haɗarin. Sannan a ɗauki 'ya'yan Buduma da sauran masunta aikin sojan ruwa, tunda su suka san kowace kusurwa. Wani zai ce sai an samu tsaro tukuna. Ni kuwa ina ganin tare suke tafiya, a fara da tsibirai kaɗan da za a iya riƙewa, a zauna daram, sannan a ƙara gaba.

Kuma ba aikin ƙasa ɗaya ba ne. Hukumar Tafkin Chadi tun 1964 take, rundunar haɗin gwiwa na da hedikwata a Njamena, amma a Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar. Ɗan bindiga ba ya neman biza kafin ya tsallaka daga tumbu zuwa tumbu. Duk saɓanin da ke tsakanin Abuja da Yamai, ruwan nan bai kamata ya shiga ciki ba.

'Yan uwa na Barno da Diffa da ke bibiyata, ku kuka fi mu sanin wurin, ku ƙara mana haske. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.