Kunyar Baƙo Ba Ta Fid Da Tabo

Kwanan baya na je ganin ɗakin wata amarya a Bakura, sai ga baƙin tabo a tsakiyar sabon kafet ɗinta. Ashe gahawa ce ta kuɓuce wa baƙuwa. Amarya ta ji nauyin gogewa a gabanta, sai washegari ta dirje wurin da ruwan zafi da kanwa. Tabo ya zauna daram.

A ganina wannan kunyar hasara ce. Buhun shinkafa nawa uba ya sayar kafin ya yi kayan ɗakin nan? Gahawa da shayi suna da rini a cikinsu. In ya bushe ya kama zare, zafi da kanwa kuwa ƙara masa duhu suke yi.

Da zarar ta zube, ko gaban wa, ki danna farin tsumma ya tsotse ruwan, daga gefe zuwa tsakiya. Kada ki goga. Ki zuba cokali 1 na sabulun ruwa da cokali 1 na ruwan khal cikin rabin litar ruwan sanyi, ki yayyafa, ki sāke dannawa, ki ɗauraye, ki bar iska ta busar. Bilic kuwa cinye launi yake.

Rigakafi ya fi sauƙi. Ranar Talata ki sayi tabarma da tire a kasuwar Mafara, a riƙa shan shayi a kansu. 'Yan makaranta, ku koya tun kuna gaban iyayenku.

Allah ya sa mu dace.