Abin Da Ya Kori 'Yan Kallo Daga Filayen Ƙwallon Italiya

Duk wanda ya taɓa kasa kunne ga wasan ƙwallon ƙafa na ƙasar Italiya, ko a rediyo ko a talabijin, ya san tun bai ji sunan ɗan wasa ko ɗaya ba zai fara jin muryar 'yan kallo. Mutum dubu goma su haɗa baki su ɗauki waƙa guda, ganga tana amsa musu, tun daga busar farko har a tashi. To, an yi zamanin da wannan jama'a mai waƙa ta ragu har ta koma rabi. Dalilin raguwar nan shi muke so mu duba yau, domin akwai abin lura a cikinsa ga duk wanda aka ɗora wa nauyin kula da taron mutane.

Bari mu fara da ƙidaya, tun da yake ita ba ta da son kai. A kakar wasa ta 1984 zuwa 1985, watau shekarar da Maradona ya zo Napoli, ƙungiyar Verona kuma ta cinye babbar gasar ƙasar da ake kira Serie A, in an yi raba-daidai kowane wasa yana samun 'yan kallo wajen dubu 38. Bayan shekara 22, a kakar 2006 zuwa 2007, lissafin ya faɗo ƙasa da dubu 20. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Su wane ne masu waƙar? Wurin zaman da ke bayan raga, inda fili ya lanƙwasa, Italiyawa suna ce masa kurba, nan ne kuma tikiti ya fi araha. A ƙarshen shekarun 1960 samari suka fara kafa ƙungiyoyi a wannan wuri, ana kiransu Ultras. Ta Milan, mai suna Fossa dei Leoni, watau Ramin Zakoki, an kafa ta a 1968, sa'an nan ta Inter da ta Sampdoria suka biyo baya a 1969. Mai ba da waƙa yakan hau shinge da lasifika a hannu, ya ba wasa baya, ya fuskanci jama'a, shi yana bayarwa su suna amshi. Sukan kwashe makonni suna ɗinkin tutar da za ta lulluɓe dubban mutane, don kawai a baje ta na 'yan mintoci. Waƙoƙin kuwa yawancinsu aro ne daga waɗanda kowa ya saba ji a rediyo, sai a sake musu kalmomi, a yabi gari, a zuga 'yan wasa, a yi wa abokan karawa zambo. Italiya ba ta haɗu ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1861, saboda haka kishin birni yana da ƙarfi ƙwarai a zukatansu, kuma ranar wasa ake fito da shi fili. Mu a ganinmu wannan al'ada ce mai kyau, ita ce gishirin wasan.

Amma fa wake ɗaya shi ke ɓata gari. A watan Oktoba na 1979, ranar da Roma da Lazio suka kara, aka harbo wata wuta mai tashi daga wannan kurba zuwa waccan, ta sami wani magidanci a fuska, ya mutu a gaban matarsa. A watan Maris na 2004 shugabannin Ultras suka shiga fili suka sa aka tsai da wasan waɗannan ƙungiyoyi biyu, bisa jita-jitar wai motar 'yan sanda ta kashe wani yaro, alhali kuwa ƙarya ce. Zambo ma ya wuce makaɗi da rawa. Ana yi wa mutanen Napoli waƙar fatan dutsen Vesuvius mai aman wuta ya ƙone su, ana yi wa 'yan wasa baƙar fata kukan biri. A 2017, a birnin Cagliari, Sulley Muntari ɗan ƙasar Gana ya kai wa alƙalin wasa kukan irin wannan cin mutunci, alƙali ya ba shi katin gargaɗi, shi kuwa ya fice daga fili. Wane uba ne zai kai ɗansa wurin da zai koyo wannan?

To, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yawancin filayen nan na hukumomin birane ne, ƙungiyoyi haya suke yi, shi ya sa mai gida ya ƙi gyara, ɗan haya ma ya ƙi. Da Italiya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 1990 an kashe kuɗi masu yawa, amma ba a yi tunanin mai kallo ba. Filin Delle Alpi na birnin Turin yana cin mutum wajen dubu 69, an zagaye shi da hanyar tseren gudu, ta yadda mai kallo sai ya yi ta hangen 'yan wasa daga nesa cikin sanyi. Har an yi wani wasan kofi a can tsakanin Juventus da Sampdoria, a kakar 2001 zuwa 2002, wanda mutum 237 kaɗai suka je. Tun 1993 kuma talabijin mai biyan kuɗi ya fara nuna wasannin kai tsaye, ƙungiyoyi suka ga kuɗin talabijin ya fi na ƙofa, sai suka daina damuwa da mai sayen tikiti. Sa'an nan a 2006 asiri ya tonu cewa waɗansu manyan ƙungiyoyi suna sa hannu wajen zaɓen alƙalan wasa, aka ƙwace wa Juventus kofi biyu, aka sauke ta zuwa rukuni na biyu. Mutumin da ya yi shekaru yana ba da kuɗinsa da muryarsa ya wayi gari ya ga ashe da hankalinsa ake wasa.

Maganin da hukuma ta kawo shi ne inda muke da magana. A 2005 aka yi doka cewa kowane tikiti sai an rubuta sunan mai shi. Ran 2 ga Fabrairu 2007 aka kashe wani jami'in 'yan sanda a rikicin wasan Catania da Palermo, aka dakatar da wasanni a ƙasar duka, aka rufe filaye da dama aka yi ta wasa ba 'yan kallo, aka hana shiga da ganga da lasifika, tuta kuma sai da izni. A 2010, zamanin da Roberto Maroni yake ministan harkokin cikin gida, aka tilasta wa mutane yankar wani kati na shaidar ɗan kallo, wanda in babu shi ba a sayar wa mutum tikitin shekara, ba kuma ya bin ƙungiyarsa zuwa wurin baƙi a wani gari.

Ba mu musun cewa faɗa a cikin filaye ya ragu bayan waɗannan dokoki, ba kuma mu raina jinin da aka zubar. Amma a duba a kan wa nauyin ya faɗa. Ɗan ta'adda ba ya gajiya da layi, don ba shi da wani aiki da ya fi wannan. Wanda ya gaji shi ne magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda aka ce ya cika takardu, ya kawo shaida, ya jira binciken 'yan sanda, a laluba shi a ƙofa kamar ɓarawo, in ya shiga kuma ya tarar an ɗauke gangar da ta jawo shi. Sai ya zauna gida ya kunna talabijin. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa. Kowane akawu ya san yawan takardu mai gaskiya yake wahalarwa, kowane malami kuma ya san in ya bulale aji duka saboda laifin yaro ɗaya, mai laifin ne zai fi kowa murna, don ya ɓace cikin taro. Alhali tun 1989 Italiya tana da dokar da ta ba 'yan sanda ikon hana mutum guda, da sunansa, zuwa filin wasa na tsawon lokaci. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Abin da ya biyo baya ya gaskata mu. Juventus ta rushe Delle Alpi ta gina nata filin a gurbinsa, aka buɗe shi a 2011, mai cin mutum wajen dubu 41, kujeru dab da 'yan wasa, sai ga shi yana cika. A 2017 hukuma ta sassauta maganar katin nan, ta kuma yarda ganga da lasifika su komo. Da annobar korona ta sa aka rufe filaye a 2020, duniya ta ji yadda wasa yake in ba murya, kamar kasuwar da ta watse. Da aka buɗe kuwa mutane suka yi ta tururuwa, har a kakar 2023 zuwa 2024 lissafin ya haura dubu 30 a kowane wasa.

Duk da haka kada a yi saurin guɗa. A watan Satumba na 2024 'yan sandan Milan suka kama shugabannin kurba na Inter da na Milan bisa zargin cinikin tikiti ta bayan fage, da karɓar kuɗi da ƙarfi, waɗansu har da ma'amala da miyagun ƙungiyoyin asiri na yankin Calabria, a 2025 kuma kotu ta ɗaure manyansu. Watau shekarun da aka yi ana takura wa mai gaskiya a ƙofa, su waɗannan suna ciki suna cin karensu ba babbaka.

Shawararmu ga masu riƙe da ƙwallon Italiya ita ce su rarrabe mai waƙa da mai cin amanar waƙa. A bar samari su buga gangarsu, su ɗinka tutarsu, su yabi garinsu. Wanda ya yi kukan biri ko ya ɗaga hannu, ga na'urorin ɗaukar hoto nan ko'ina a fili, a gano shi, a fitar da shi shi kaɗai, a daina rufe wa mutum dubu goma ƙofa saboda mutum ashirin. Ƙungiyoyi kuma su daina sayen zaman lafiya da kyautar tikiti ga shugabannin kurba, su gyara wurin zama da makewayi yadda tsoho da mace da yaro za su iya zuwa. Jama'ar da ta yi fushi ta komo sau ɗaya, ba lalle ne ta komo sau biyu ba.

Allah ya ba shugabanni basirar gane mai laifi, ya kuma hana su haɗa shi da marar laifi, amin.